Babi na Shida: "Ai Mun Saba"

Da an sallame sallar asuba a Karmo, ayari biyu ne ke yin kiciɓis a bakin titi. Na farko shi ne na masu shiga gari: magina da leburori, 'yan aikin gida, masinjoji, direbobin manya, ƙananan ma'aikata da suka goge takalmi tun dare, kowa na rige-rigen samun mota kafin hanyar da ta bi ta kasuwar kifi ta Kado zuwa Life Camp ta cushe. Na biyun daga garin yake fitowa. Bai kai na farko yawa ba, kuma ya fi shi shiru. Masu gadi ne da suka kwana a ƙofofin Life Camp da Jabi da Gwarinpa, sun miƙa makulli, sun naɗe tabarma da tocila, sun kamo hanyar gida. Teburin mai shayi ne mahaɗarsu. Wanda zai fita yana shan shayi don barci ya sake shi, wanda ya dawo yana sha don kada barci ya kama shi, tukunya ɗaya kuma ke yi wa kowa.

A wannan teburin na san wani mai gadi, mutumin ƙasar Katsina, a wata bazara da na yi makonni a ɗakin ɗan baffana a Karmo. Kullum abu ɗaya yake cewa: ruwan bunu, ganye biyu, a barbaɗa Nescafé. In ya shanye sai ya ɓantari goro ya cusa a kumatu, ya je ya karɓi babur a hannun mai shi, ya shiga acaɓa tsakanin Karmo da Gwagwa har la'asar. Da magariba kuma ya koma bakin get.

"Malam, ina gajiya?" na ce masa wata safiya.

"Ba gajiya."

"To kai yaushe kake barci?"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Barci ai na mai kuɗi ne, Malam. In dare ya raba, maigida ya shigo, nakan ɗan saci awa biyu a kan benci. Da rana in na samu sarari in ƙara ɗaya. Ai mun saba."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Mu ne mutanen da gaisuwarmu ta farko a yini tambayar barci ce: ina kwana, an tashi lafiya? Mu ne kuma mutanen da al'ada ta shirya mana musun gajiya tun kafin a tambaye mu. Ba a taɓa jin wanda aka ce wa ina gajiya ya ce akwai ta ba, sai dai a ce gajiya ta bi lafiya. Wannan ladabi ne, ba na kushe shi. Amma "mun saba" magana ce da za a iya aunawa, kuma an auna ta.

A shekarar 2003 wasu masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ƙarƙashin Hans Van Dongen da David Dinges, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 48 masu ƙoshin lafiya. Sun kasa su kashi-kashi: wasu awa takwas a gado kowane dare, wasu shida, wasu huɗu, har kwana 14. Wani kashin kuma aka hana shi runtsawa gaba ɗaya na kwana uku. Kullum ana ba su wani aiki mai sauƙi, da ka ga alama ta fito a allon kwamfuta ka danna maɓalli. Masu awa takwas ba su sauya ba. Masu awa shida kuwa kuskurensu ya riƙa ƙaruwa kowace rana, har a ƙarshen mako na biyu suka zama kamar wanda ya yi dare guda cur ido biyu. Masu awa huɗu suka zama kamar wanda ya yi dare biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da suka riƙa faɗa da bakinsu. A kwanakin farko sun ce suna jin barci. Daga nan sai ƙorafin ya tsaya cik, suka ce ba su jin wani ƙarin gajiya, alhali na'ura na nuna suna ta gangarawa. Wato su ma sun saba. Jin gajiyar ne ya dushe, ɓarnar tana nan tana ƙaruwa, kamar mai ciwon haƙori da jijiyar ta mutu ya ɗauka ya warke.

Akwai mutanen da da gaske ɗan barci kaɗan ke isarsu. A 2009 wata masaniya a Kalifoniya, Ying-Hui Fu, ta gano wani sauyi a ƙwayar gado ta wata uwa da 'yarta da ke sa awa shida ta ƙosar da su sarai. Irinsu ba su da yawa ko kaɗan. Ga sauran jama'a, ƙungiyoyin likitocin barci sun tsaya a kan cewa baligi na bukatar awa bakwai ko fiye, matashi takwas zuwa goma, yaron firamare tara zuwa sha biyu.

Kafin a ɗora wa mutumin Karmo laifi, a dubi inda aka ajiye shi. Da aka tsara Abuja, aka kuma dawo da fadar gwamnati cikinta a ranar 12 ga Disamban 1991, an zana unguwanni masu faɗin titi da bishiyoyi, amma ba a tanadi isasshen wuri ga masu share titin da ba bishiyoyin ruwa ba. Sai suka rarrabu a garuruwan Gbagyi da ke kewaye, irin su Karmo da Gwagwa da Nyanya, wasu ma har Mararaba a jihar Nasarawa. A 2006, zamanin da Malam Nasiru el-Rufai ke ministan Abuja, rusau ya bi ta kan Idu-Karmo, dubban mutane suka nemi matsuguni a inda ya fi nisa ko ya fi cunkoso. A shekarar ce kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Duk wanda aka tura nesa da wurin aikinsa, daga barcinsa ake cire kuɗin tafiyar. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsanani: mai neman mota mai araha ko mai taka wani yanki na hanyar da ƙafa dole ya ƙara sammako, wanda albashi ɗaya ke riƙe shi a da kuma ya nemi aiki na biyu. Mai gadin nan nawa bai zaɓi acaɓa don sha'awar babur ba. Yana da mata da 'ya'ya biyar a gida, ga taki ya yi tsada.

Sai kuma ɗakin da ake kwana a ciki. A watan Maris zafin rana a Abuja kan haura digiri 35, rufin kwano marar silin kuma ya wuni yana tara shi, ya kwana yana sauke shi a kan mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jiki ba ya shiga barci mai nauyi sai zafin cikinsa ya ɗan sauka, kusan digiri ɗaya, ta hanyar fitar da shi ta fata, musamman tafin hannu da na ƙafa. In iskar ɗakin ta kusa kai zafin jikin, ina zai zubar da nasa? Na tuna dare na farko a ɗakin ɗan baffana. Mu huɗu ne. An ɗauke wuta tun magariba, fanka ta tsaya. Muka buɗe ƙofa, sauro ya shigo. Muka rufe, gumi ya jiƙa katifa. Bayan bangonmu maƙwabci ya tayar da ƙaramin janaretansa, wanda ke tari kamar tsohon akuya, can gaba ana kallon fim da ƙarfi, wani wurin ibada kuma ya kwana da lasifika. Wajen ƙarfe biyu ɗaya daga cikinmu ya tashi ya jiƙa zani a bokiti ya lulluɓa. Ƙarfe uku da rabi na ji turmi da injin markaɗe, matar da ke tuyar ƙosai a bakin layi ta fara yininta. Da safe na ga ta da goyo a baya, ita ce kuma na gani tana wanke-wanke ƙarfe sha ɗaya na daren jiya. In ana lissafin marasa barci a Karmo akan fara da masu gadi da direbobi, amma a yawancin gidaje uwargida ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi.

To me ke faruwa a cikin kai? Abu biyu ne ke jan ragamar barci. Na farko wani sinadari ne, adenosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, kamar toka a murhu. Gwargwadon daɗewarka a farke, gwargwadon tarinsa, gwargwadon nauyin ido. Barci ne ke kwashe shi. Kafeyin da ke cikin goro da ganyen shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari ba ya kwashe tokar. Yana zuwa ne ya zauna a gurbin da adenosin ke zama, ya hana ƙwaƙwalwa jin saƙon. Tokar na ci gaba da taruwa a bayan fage, da ƙarfin goron ya sauka sai ta rufto gaba ɗaya. Kuma kafeyin ba ya barin jiki da wuri, bayan kimanin awa biyar rabinsa na nan a jini. Goron da aka ci bayan la'asar yana nan yana aiki lokacin da aka kwanta. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro sun san yana korar barci da yunwa a kan hanya, ba su yi kuskure ba. Rance ne dai, kuma mai ba da shi ba ya yafewa.

Na biyu agogo ne da ke can cikin ƙwaƙwalwa, wanda hasken rana ke saita shi. In duhu ya yi yakan sa a saki sinadarin melatonin, ya sauke zafin jiki, ya rage aikin hanji. In gari ya waye ya juya komai. Mutum uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke juya wannan agogo, a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen ayaba suka fara ganinsu. Wannan agogon ne abokin gabar mai gadi. Ƙarfe uku zuwa biyar na dare, daidai lokacin da ake so ya fi sa ido, jikinsa na can ƙasan rijiya. Ƙarfe goma na safe, in ya samu ya kwanta, agogon na cewa rana ce, tashi. Shi ya sa barcin rana na mai aikin dare kan zo gajere, a yayyanke. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, a 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayin a 2019.

Mukan ce barci ƙanin mutuwa, amma ƙanin nan ba ya zama wuri ɗaya. A 1953, a Jami'ar Shikago, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa a wasu lokutan dare idon mai barci na kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsa, in aka tashe shi a lokacin kuma yakan ce mafarki yake yi. Daga nan aka gane cewa barci zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. Farkon dare ya fi yawan barci mai nauyi, wanda in an tashi mutum daga cikinsa yakan yi magagi. A cikinsa ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma, yana gyaran tsoka, ƙwaƙwalwa kuma na adana abin da aka koya da rana. Ƙarshen dare, wajen asuba, ya fi yawan barcin mafarki, wanda ke da hannu a daidaita zuciya da fushi. A wannan matakin jiki kan saki gaɓoɓi su mutu murus don kada mutum ya tashi ya aikata mafarkinsa. In ya farka kafin sakin ya wuce, ya ji an danne shi, ya kasa motsi ko ihu, shi ne dannau ɗin da ake ba mu labari tun muna yara, kuma ya fi samun wanda barcinsa ya rikice. Mai satar awa biyu a kan benci, da kunne ɗaya a get, ba ya kammala ko zagaye biyu. Yaron da ya kwana a ɗaki ɗaya da manya masu hira har sha biyu, aka tashe shi makarantar allo da asuba, ya wuce boko ƙarfe takwas, shi ne ake zane wa a aji don yana gyangyaɗi, a ce masa daƙiƙi.

Bashin ba a ka kaɗai yake tsayawa ba. A 1999 Karine Spiegel da Eve Van Cauter, su ma a Shikago, suka taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa huɗu na dare shida. Cikin ƙasa da mako, saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, ya koma irin na tsofaffin da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Da aka bar su suka rama barcin, ya dawo daidai. A 2004 suka sake wani gwajin, dare biyu kacal na awa huɗu: sinadarin da ke gaya wa mutum ya ƙoshi ya sauka da kashi 18, mai tayar da yunwa ya hau da kashi 28, abin da samarin suka riƙa kwaɗayi kuma shi ne zaƙi da burodi da taliya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai shayi ƙarfe sha biyun dare ya ga yadda ake loda suga cokali huɗu da Indomie biyu zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Jini ma yana da hutunsa. A mai lafiya, awon jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari in yana barci, zuciya da jijiyoyi su sarara. Wanda ba ya samun wannan saukar dare bayan dare yana cikin waɗanda hawan jini ya fi kamawa, hawan jini kuwa shi ne babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Sau nawa muka ji an ce wane lafiyarsa ƙalau, yana alwala ya faɗi? Ban ce rashin barci kaɗai ne ba, akwai gishiri da gado da damuwa. Amma shi ne wanda ba a tambaya. A 2015 kuma Aric Prather da abokan aikinsa suka auna barcin mutum 164 na mako guda, sannan suka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu. Masu barcin ƙasa da awa shida sun ninka masu fiye da awa bakwai sau huɗu wajen kamuwa.

Duk waɗannan a hankali suke ci. Wanda ke kisa nan take a kan titi yake. Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa kwana a zaman makoki, washegari na kamo hanyar Kaduna zuwa Abuja da rana tsaka, ni kaɗai a mota. Na san ina jin barci, na sauke gilashi, na ƙara sautin rediyo, ina tauna goro. Abin da na sani shi ne ina bayan wata tirela da nisa. Abin da na sani bayan nan shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, rabin motar ta sauka daga kwalta. Ban ji lokacin da ido ya rufe ba, ba na ma jin ya rufe. Masana sun san wannan ɗan barcin na daƙiƙa biyu zuwa goma, wanda ƙwaƙwalwa ke ɗauka da ƙarfin tsiya ba tare da neman izini ba, wani lokaci ido a buɗe. Hausawa sun riga su ba shi suna da suka ce barci ɓarawo ne. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 111 a daƙiƙa huɗu, tsawon filin ƙwallo ke nan ba direba. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya suka gwada mutane a yanayi biyu, bayan shan giya da kuma bayan rashin barci. Wanda ya yi awa 17 a farke ya yi daidai da wanda giya ta kai masa haddin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Wanda ya tashi ƙarfe biyar na asuba, ƙarfe goma na dare ya cika awa 17. Fasinjan da ba zai taɓa yarda ya hau babur ɗin mashayi ba, ga shi a bayan mai gadin nan nawa, mai salla a kan lokaci, wanda rabonsa da cikakken dare ya manta.

Ba na so a karanta wannan babi a ɗauka cewa awa takwas a miƙe, a ɗaki mai sanyi, ita ce kaɗai hanyar da Allah ya halicci mutum a kai. A 2015 Jerome Siegel na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka ɗaura wa mafarautan Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya na'urar awo, mutanen da ba su da lantarki ko waya. Barcinsu ya kama tsakanin awa shida saura kaɗan zuwa bakwai. Sai dai lokacin tashinsu bai cika sauyawa ba, suna kwanciya in gari ya fara sanyi, suna shan hasken safiya, kuma da wuya a samu mai kukan barci ya ƙaurace masa. Masanin tarihi Roger Ekirch kuma ya nuna cewa kafin fitilun zamani Turawa kan raba darensu biyu, su yi barcin farko, su tashi su yi addu'a ko hira, su koma na biyu, har ya kawo misalin Tibi na Binuwai da aka samu suna yin haka a ƙarnin da ya wuce. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman zaure sun san shi: a kwanta da wuri bayan isha'i, a tashi a sulusin dare na ƙarshe, a yi ƙailula kafin azahar ko bayanta. An ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Labarin Salmanu da Abu Darda'i ma sananne ne, yadda baƙon ya riƙa mayar da mai masaukinsa shimfiɗa duk sanda ya yunƙura zai yi tsayuwar dare, har sai da dare ya kusa ƙarewa suka tashi tare. Dare mahutar bawa, in ji mutanen da. Mu muka riƙe tashin asuba, muka yar da kwanciyar wuri da ƙailula, sannan muke mamakin ciwon kai.

A nan ne kason laifinmu yake, kuma ba kaɗan ba ne. Wasan zakarun Turai kan fara ƙarfe takwas ko tara na dare agogon Najeriya, a tashi daga gidan kallo wajen sha ɗaya, a tsaya musu har sha biyu. Kamfanonin waya na sayar da data mai araha ta tsakar dare, samarin da na kwana da su kuwa sun fi kowa sanin lokacin da take buɗewa. Na ga yaro lebura, wanda zai ɗauki kwanon kankare tun bakwai na safe, fuskarsa na haske da TikTok ƙarfe ɗaya da rabi. Akan yi ta maganar hasken waya yana jinkirta melatonin, gaskiya ne, amma ni a ganina abin da ke cikin wayar ya fi haskenta ɓarna, domin an gina shi ne don kada ya ƙare. Zafin kwano da janaretan maƙwabci ba a hannun yaron nan suke ba. Wannan awa ɗaya da rabin kuwa tasa ce.

Sai masu neman gajeriyar hanya ta kemis. Da safe a sha abin da zai buɗe ido, wasu har da tiramol don jiki ya daina jin aiki, da dare a nemi baliyam ko maganin mura mai sa barci don a rufe shi. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 aka san girman matsalar a Arewa, amma ba a cika haɗa ta da gajiya ba. Ƙwayar barci tana kwantar da mutum, sai dai tana rage masa barci mai nauyin da yake nema, jiki ya saba da ita cikin makonni, ranar da babu ita kuma ido ya bushe ƙam. Wanda ya yi wata uku barci na gagararsa ko da ya samu wuri da lokaci, likita ya kamata ya gani, domin sau da yawa damuwa ce ko wani ciwo ke ɓoye a baya. Haka mai minsharin da ake yi wa dariya. In matarsa ta lura numfashinsa na ɗaukewa, ya yi shiru kamar an shaƙe shi, sannan ya farka da gurnani, ga shi da rana ko a sahun salla gyangyaɗi yake, wannan maƙogwaro ne ke toshewa, wani sau da dama a awa guda, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini. Yana da magani. A Abuja akwai asibitocin da ke duba shi.

Na gaya wa mai gadin wasu daga cikin waɗannan abubuwa, ba duka ba, don ba na son in zama mai wa'azin ƙoshi ga mai yunwa. Ya saurara yana jujjuya kofi. Maganar ciwon suga ba ta dame shi ba. Da na zo kan daƙiƙa huɗun nan sai ya yi shiru, can ya ce makon jiya ya tsinci kansa a gaban wata tifa a hanyar Gwagwa, da yarinya 'yar makaranta a bayansa, bai san yadda aka yi ya bar hannunsa ba. Bai faɗa wa kowa ba.

"To Malam, in bar wanne? Gadin ko babur ɗin?"

Ba ni da amsar wannan. Abin da na iya ce masa shi ne ya daina kai safiya da rana a haɗe: in ya dawo ya fara kwanciya awa uku ko huɗu kafin rana ta gasa kwano, ya rufe ido da rawani, ya bar ruwan bunun sai ya tashi, ya karɓi babur da hantsi. Ya ce safiya ce ke da fasinja, mai babur kuma balas ɗinsa ba ya raguwa don wani ya yi barci. Muka yi ta lissafi a bayan kwalin suga, nawa zai rasa, nawa zai rage na goro da Nescafé. Lissafin bai fita ba.

Ranar Talata, ranar da kasuwar Karmo ke ci, na bi ta wajen 'yan gwanjo bayan azahar. A inuwar wani masallaci na hangi babura shida a jere. Nasa ne na uku. Yana kwance a kansa rigingine, kai a kan tanki, ƙafafu a kan kariya, hula a fuska, makulli ɗaure a yatsa. Wata mata da ƙullin kaya ta tsaya a kansa tana cewa mai mashin, mai mashin. Na kusa da shi ya ɗaga mata hannu, ya ce, "Hajiya, ƙyale shi, zo in kai ki."